Langar Kakata Mai Jan Kifi

Wata la'asar ina wanke langar kakata a ƙofar gidanmu a Gaya, sai wani dattijo ɗan China mai aikin hanya ya tsaya. Ya karɓi murfin, yana shafa jan kifin da aka zana a kai.

Da Hausarsa ta kasuwa ya ce wa kaka, "Mama, a irin wannan uwata take zuba mini shinkafa. Garinmu yanzu babu. An rushe gidanmu, kowa ya koma roba."

Kaka ta ce, "Bawan Allah, ku da kuka ƙera ma kun rasa?"

Ya miƙo mini murfin, ya wuce.

Bayan rasuwarta na nemi langar. Ashe an ba masu sayen tsohon ƙarfe, an karɓi bokitin roba. Shi ma ɗan China ne, kuma tuni ya tsage.