Kafin Motar Makaranta Ta Iso

Davou ya shimfiɗa tsohon tawul a kan teburin cin abinci, ya jera magazin huɗu, wato gidajen harsashi, na ƙaramar bindigarsa a kai. Haka yake yi duk ranar Alhamis tun da ya fara aikin gadi a wani sito da ke bayan garin Greensboro.

Biyu masu jan tef na filin koyon harbi ne. Sun sha faɗuwa ƙasa har bakinsu ya fara buɗewa, don haka bai yarda da su ba. Masu farin fenti kuwa na tsaron gida ne, ba ya wasa da su. Ya zare harsasan ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe gindin magazin ɗin, ya fito da sifirin da ke tura su sama, ya goge shi da busasshen tsumma. Ba ya sa mai a ciki, domin wanda ya koya masa aikin ya ce mai shi ke tara datti.

Harsasan ba su yi masa nauyi kamar da ba. Ya auna ɗaya a tafin hannu, ya ce wa kansa sabo ne kawai.

Shayin da ke gefensa ya huce, bai ma tuna lokacin da ya haɗa shi ba. Matarsa Serah ta fita, ga takalmanta na zuwa coci a bakin ƙofa sun yi ƙura. A jikin firij an manna takarda da manyan haruffa: A KASHE MURHU. Ya yi murmushi, Serah da fitina. Agogon bango ya nuna uku saura kwata. Da ƙarfe uku motar makaranta take sauke ɗansu Israel, ɗan shekara tara, a bakin titi.

Sai ya ji taya tana taka tsakuwar harabar gidan.

Ya ɗaga labule kaɗan. Baƙar mota ce, bai santa ba. Wani ƙaton mutum ya fito, gemunsa da tsilli-tsillin furfura, da jaka a hannu. Bai nufi ƙararrawa ba. Ya tsaya ya ƙare wa tagogin kallo, sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro mukulli.

Davou ya saki labulen. A unguwarsu ta Pleasant Garden gidaje nesa suke da juna, ko ka yi ihu sai dai itatuwa su amsa maka. Ya laluba aljihunsa, babu waya. Inda yake rataye mukullin motarsa ma wayam.

Hannuwansa sun fi kansa sanin aikin. Ya mayar da sifirin, ya rufe gindin, ya cusa harsasai a mai farin fenti, ya tura shi cikin bindigar har ya ji ya zauna. Ya ɗana ta, ya laɓe a bayan bangon da ke kaiwa ɗakunan kwana. Ɓarayi sun taɓa fasa musu ƙofa lokacin da suke haya a East Greensboro, Israel yana goye a bayan uwarsa. Ranar Davou ya rantse ba za a ƙara ba.

Mukullin ya juya. Mutumin ya shigo, ya tuɓe takalmansa, ya miƙe zuwa kicin kamar wanda ya san gidan. Da ya ga tawul da magazin a kan tebur sai ya tsaya cak.

"Baba?" ya kira a hankali.

Ashe ɗan gida ne, ƙila ma a coci ya gan su, ya san lokacin da Serah ke fita da lokacin da yaron ke dawowa. Agogo ya nuna uku saura biyar.

Davou ya fito da bindigar a hannu biyu. Ya ce wa mutumin ya ajiye jakar ya fita. Mutumin ya ajiye, amma bai fita ba. Ya buɗe tafukansa, ya tako sau ɗaya. Davou ya gargaɗe shi. Ya sake takowa.

Davou ya danna kunamar.

Ƙas. Ba ƙara, ba hayaƙi. Ya ja bindigar, harsashin ya faɗo ya gangara ƙarƙashin kujera, ya sake dannawa. Ƙas.

Mutumin ya rufe ido na ɗan lokaci, sannan ya ƙaraso ya zare bindigar daga hannunsa ba tare da kokawa ba. Ya cire magazin ɗin, ya ce babu albarushi a cikin ko ɗaya, tun bara ya sauya su duka da na gwaji.

Davou ya zame ya zauna a ƙasa. Wato shekara guda ke nan mutumin yana shiga gidan nan. Ya haɗa hannuwa ya fara roƙo. Ya ce ya ɗauki talabijin, ya ɗauki bindigar, ya ɗauki duk abin da yake so.

"Amma don Allah ka tafi kafin uku. Yarona yana hanya. Kada ya shigo ya same ka."

Mutumin ya jawo jakar, ya fito da kular abinci mai ɗumi ya ajiye. Ya durƙusa a gaban tsohon, ya riƙe hannuwansa biyu, hawaye na bin gemunsa.

"Yaron ya dawo tun shekara talatin da suka wuce, Baba," in ji shi. "Ni ne Israel."