Ni Wane Ne?

Sojoji biyu suka tasa Mutari gaba daga unguwar Boukoki, ko takalmi bai sa ba. Ya san sabon kaset ɗinsa ne ya jawo masa, Ni Wane Ne?, wanda ya zuba wa kukan gita da gangunan kiɗan rok, shi da kansa yana rera duk abin da ke cin ransa. Ga fari, ga mulkin soja, tambaya ma laifi ce.

Kapitan Hamisu ya kunna kaset ɗin har tagogin ofis suka yi rawa.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Wallahi ba da gwamnati nake ba."

"Shanun da suka rage a bakin kogi sun kwanta, sun ƙi tashi. Jiya wani kurtu ya kunna wannan, suka miƙe zumbur, sun zaci tsawar hadari ce. Ƙasa na bukatarka. Ka yi mana wani."

Ƙwalla ta cika idon Mutari.

"Amma ka kori mai ihun nan da ke ta tambayar ko shi wane ne, yana ɓata tsawar. In bai san kansa ba, ya zo mu yi masa katin dantite na shaidar ɗan ƙasa."