Zanin Gwaggo a Filin Jirgi

Ke da kike ta yi mini kurin kin sayi keken tura yara kin huta da goyo, gyara zama ki ji wannan kafin ki rufe akwatin nan.

An yi wata mata da za ta kai ɗanta ƙasar waje a gyara masa ƙafa. Yaron ya isa yawo, amma tun haihuwa sawunsa a karkace yake, ba ya iya doguwar tafiya. Ta daɗe tana jiran likita ya ba su rana, an kuma faɗa mata in ranar ta wuce sai ta koma bayan layi, alhali ƙashin yaro ƙara tauri yake yi. Ga jaririya tana shayarwa, ba halin barinta. Sai mijinta ya sayo mata keke mai kujera biyu, irin wanda ake naɗewa kamar lema, ta yi ta zagaye tsakar gida da shi tana yanga. Ranar tafiya gwaggonta ta zo sallama, ta cusa mata tsohon zanin saƙi da majanyi a jakar hannu. Matar ta yi dariya, ta ce ai inda za ta ba a goyo. Tsohuwa dai ta rufe jakar. Kunya ce kawai ta hana matar fitar da su.

A filin jirgi keke ya yi mata rana, har bakin ƙofar jirgi ta turo 'ya'yanta hankali kwance. Nan ma'aikata suka karɓe shi, don ba ya shiga inda fasinjoji ke zama. Suka naɗe shi, suka ɗaura masa alama, suka sauka da shi wurin kaya. Ita kuwa ba ta tambayi inda za a mayar mata da shi ba, ta ɗauka duk inda ta sauka zai tarye ta. To, tafiyar mai zango ce, sai an canja jirgi a wata ƙasa, ga shi na farkon ya makara. Da suka sauka ta tsaya tana jiran keke har mutane suka watse, shiru kake ji. Da ta tambaya, aka ce kekenta na cikin kayan da za a wuce da su kai tsaye, sai ƙarshen tafiya za ta gan shi. Jirgi na biyu kuma har an fara kiran fasinjojinsa, ƙofarsa tana can ƙarshen wani dogon gini, tafiyar da ko babba sai ya yi haki. Ta saɓa jaririya a kafaɗa, ta ja hannun yaron. Bai yi nisa ba ya durƙushe yana kuka. Wallahi nan hankalinta ya tashi, idonta ya ciko. Tana laluben ruwa a jaka don ta rarrashe shi, sai hannunta ya faɗa kan zanin gwaggo.

Ba ta damu da wa ke kallonta ba. Ta sunkuya a tsakiyar jama'a, ta aza yaron a baya, ta ja zani, ta ƙara da majanyi ta ɗaure tamau. Jaririya kuma ta tallafe ta a ƙirji da mayafi, ta rataya jaka, ta zuba sauri. Inda masu keke suka yi cirko-cirko suna jiran lif, na'urar hawa bene, ita matakala ta bi. Yaron da ke kuka ɗazu ya koma ƙyalƙyala dariya, yana cewa ta ƙara gudu. Ta iso ana shirin rufe ƙofa, ta jiƙe sharkaf da gumi. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofar ta dube ta, ta dubi goyon, ta yi murmushi ta ba ta hanya. Likita ya gan su a ranarsu, aka yi aiki, yau yaron nan har ƙwallo yake bugawa. Keken ma ta same shi lafiya lau a ƙarshen tafiya, ya yi amfaninsa. Amma da ta dawo, kafin ta kwance kaya gidan gwaggo ta fara zuwa, ta durƙusa har ƙasa.

Saboda haka ki tafi da kekenki, ban hana ki ba, ki kuma tambaye su inda za su miƙo miki shi. Amma ungo zanin nan, sa shi a jakar hannu. Ba banza Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.