Kujerar Kusa da Fiffike

Jirgin ya sake girgiza, na damƙe hannun kujera kamar zan ɓalle shi. Ta taga ina kallon fiffiken yana lanƙwasawa sama da ƙasa, ina ta karanta addu'a ƙasa-ƙasa.

Tsohuwar da ke gefena ta dafa kafaɗata.

"Ɗan nan, hawanka na farko ke nan?"

"A'a, Mama. Aiki ne yake tilasta mini."

"To, kwantar da hankalinka. Masu ƙera jiragen nan ba irinmu ba ne. Jikana ya ce albashinsu sai wanda ya gani, ƙwaƙwalwarsu kuwa ko kwamfuta albarka. Ba sa mantuwa, ba sa kuskure."

Na tuna yadda da safe na birkice gida ina neman tabarau, alhali yana kan hancina.

"Kai wane aiki kake yi?" in ji ta.

Na nuna taga. "Ni na zana wancan fiffiken."

Ta dubi fiffiken. Ta dubi maɓallan rigata da na ɓalla a karkace. A hankali ta ƙara tamke bel ɗinta.

"Wace addu'a kake karantawa ɗazu? Ɗaga murya mu yi tare."