Lakar Shekara Dubu Uku

Bututun ya nutse cikin laka kamar wuƙa a gwanda. Mita uku ke nan, rana ko tsaka ba ta yi ba. Kawage ya share gumi, ya yi murmushi.

Shekara tara ya yi a birnin Kanbera, can ƙetaren teku, yana karatun tsohon yanayin tsaunuka, biyar daga ciki a kan digiri ɗaya da ya ƙi ƙarewa. A baki aikin ba wuya. Laka tana kwanciya a gindin tafki shekara bisa shekara, da toka da ƙurar furanni a cikinta, wanda duk ya zaro ta da bututu zai karanta sanyi da farin da aka yi tun kafin kakanni. Sai dai duk wani tafkin kirki a tsaunukan Simbu, lardinsu, an riga an huda shi. Farfesarsa ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: ko ya kawo lakar da ba wanda ya taɓa kafin shekara ta fita, ko ya tattara komatsansa.

A hoton tauraron ɗan'adam ya tsinci wannan. Ɗan tafki ne, ko suna ba shi da shi a taswira, a saman ƙauyen ubansa, ƙauyen da aka ɗauke shi daga ciki yana ɗan shekara shida.

Ranar da ya iso, Baffa Umba, yayan ubansa, ya shimfiɗa ganyen ayaba, ya fasa gasasshen dankali, ya datsa rake. A nan ba a neman ƙasa a tsaye. Sai an zauna an ci, mai ƙasa ya ba da labarinta tun daga tushe, ko da zai kai kwana biyu.

"Zauna, ɗana. Ruwan nan yana da magana."

"Baffa, na san maganar. Aljani ne, ko maciji mai kai biyu? Ga takardar izini nan daga Kundiawa, hedikwatar lardi."

Tsohon ya dubi takardar, bai karɓa ba. Kawage ya duba agogo, ya wuce. Mutanen da ko shekarar haihuwarsu ba su sani ba, wai su ne za su ba shi tarihin tafki!

Dua, ɗan Baffa Umba, ƙato mai 'ya'ya huɗu, shi ya ɗaura masa ganguna da katako suka yi abin hawa ruwa. Shi kaɗai ya yarda ya hau, shi ma sai da ya cire hula.

"Likitan laka, ka matsa can gefe mana. Dole sai tsakiya?"

"A tsakiya tsohuwar laka take. Kai dai tuƙa."

"To. Ni ba ni da bakin faɗa, labarin na tsoho ne."

Suka wuce wasu kututtura da suka leƙo daga ruwa a jere. Mata masu saukowa daga gona suka bi ta bakin tafkin, ba wadda ta ɗauraye dankalinta a ciki, ba wadda ta ɗago kai. Kawage ya yi tsaki. Camfi ya hana su ruwan da ke gabansu, sai su je rafi mai nisa suna nishi.

Da suka fito gaci ya tsaga bututun ƙarshe gida biyu. Laka ruwan toka, laka ruwan toka, sai ga baƙin gawayi, kaurinsa ya kai tafin hannu. A ƙarƙashinsa jar ƙasa, ƙonanniya, tauri kamar tukunya.

Kawage ya buga lissafi. A irin wannan tsayi laka ba ta wuce kaurin farce a shekara, mita uku kuwa shekara dubu uku ke nan. Fari ne ya ƙafar da tafkin ƙaf, har gobara ta ci gindinsa, a dutsen da littattafai suka ce bai taɓa bushewa ba. Ya haura tudun da waya ke kamawa, ya tura wa farfesa hoto, ya ce ta shaida wa duk sashen.

Bai iya haƙuri ba, ya sauko da bututun dandalin ƙauye. Su ma su ga yadda ake sanin abu ba da tatsuniya ba.

"Wannan wutar," in ji shi, yana nuni da biro, "ta ci tun ba a san da ku a duniya ba. Kuna zaune a kanta, ba ku san komai ba."

Baffa Umba ya matso da sandarsa, ya tsuguna, ya ɗauki ɗan gawayi ya shinshina. Ya naɗe shi a ganye a hankali, ya sa a aljihun ƙirji.

"Ɗana, na girmi tafkin nan da shekara ashirin. Dutse ne ya zabtaro ya toshe rafi, kakarka tana ɗaki tana dafa mana dankali, ba mu samu fitowa da ita ba. Murhunta ka huda."