'Yar Akwati

Batirin tablet ɗin ya koma ja sa'ad da Sufyanu ya hango hular Alƙasim ta saman zana. Bai tsai da darasi ba. Ya ɗaga wa yara hannu.

"¿Dónde estás?" suka rera baki ɗaya. Wato, kina ina?

Ya danna allon. "¡Estoy aquí!" in ji muryar wata yarinya daga sifikar da ke rataye a gwafa. Ga ni nan. Aji ya kwashe da dariya kamar kullum.

Sufyanu ya yi shekaru a Espanya yana tsinkar tumatur cikin rumfunan leda. Ya dawo Ibohamane bayan girbi, ba mota, ba kuɗin gini, sai tablet mai tsaga a kusurwa da ƙaramin fano na hasken rana. Ya roƙi Dirakta Isaka, shugaban makarantar garin, aron ajin zana da marece, in an tashi lekol. Ƙananan yara kawai yake so.

Muryar nan ita ta riƙe su. Suka raɗa mata suna 'Yar Akwati. Tana ƙirga, tana waƙa, tana wasan ɓuya. Wata ƙaramar ɗaliba, Zaliha, har magarya take kawo mata ta aje gaban allo. Wani lokaci akan ji dariyar wata mata a bayan muryar, sai Sufyanu ya yi maza ya tsallake wurin.

Gari kuwa ya ɗauka. Yaron da teku ta tofo ya zo yana koya wa 'ya'yan mutane yaren hanyar teku. Alƙasim shi ne shugaban kwamitin iyayen yara. Ɗansa Umar ya bi ta Agadas, ya buga waya daga bakin ruwa, daga nan ko gawa ba a gani ba. Ya rantse yau na'urar ba za ta kwana a hannun Sufyanu ba.

Ya shigo da sallama, dattawa biyu da dirakta a bayansa. A waje Inna Jaratu, mahaifiyar Sufyanu, tana zaune gaban farantin gyaɗarta. Ɗaya daga cikin jikokinta, Mardiya, wadda yara ke kira bebiya, ta manna kunne a jikin zana kamar yadda take yi kowane marece. Sufyanu bai taɓa kiranta ciki ba. Ko kallon wajen ba ya yi.

"Mushe," in ji Alƙasim, yadda ake kiran malaman lekol, "mi kake koya ma ɗiyanmu?"

"Wasa ne, Baba."

"Wasa? To mu ji." Ya juya ga yara. "Yaya ake ce ma aiki da wannan yare?"

Alƙasim ya matso kusa da su.

"Jirgin ruwa fa? Takardar zama? Ɗan sanda?"

Yara suka duba juna. Zaliha ta ɗaga yatsa, ta zayyano abin da suka iya. Zo mu yi wasa. Sha ruwa. Wannan naki ne. Kar ki yi kuka. Ɗaya daga cikin dattawan ya shafa gemu, amma fuskar Alƙasim sai ƙara ɗaurewa ta yi.

"Da tsaba ake jan kaza har bakin wuƙa. Yau wasa, gobe Agadas." Ya nuna zana da haɓa. "Ka cika bakin ɗiyan mutane da yaren nasara, ga ta gidanku nan ko 'uhum' ba ta cewa. Ba ni dalili guda, ɗana. Guda tak, in bar maka abinka."

Sufyanu ya buɗe baki. Dalilin yana nan kan harshensa. Ya dubi furfurar da ke gabansa, ya ji motsin farantin mahaifiyarsa a waje, sai ya sunkuyar da kai. A Espanya da ya faɗa ba tare da ko gyaran murya ba. A nan akwai maganar da ɗa ba ya yi gaban manya, ko da wuƙa a wuya.

"Ba ni da ta cewa, Baba."

Alƙasim ya miƙa hannu. Dirakta Isaka ya karɓi tablet ɗin yana kauce wa idon Sufyanu, ya danna maɓallin gefe har allon ya yi baƙi, ya cire wayar sifika. Na'urar ta shige aljihun babbar riga.

"An rufe wannan aji. Kowa gida."

Ba wanda ya motsa. Zaliha ta tashi, magarya cike da tafinta, ta bi aljihun da kallo. Sai ta kira ƙawarta da kalmomin da ta san tana amsawa.

"¿Dónde estás?"

Alƙasim ya riga ya sa ƙafa ɗaya waje.

"Estoy aquí."

Ya dafe aljihu da sauri. Allon a mace yake. Yara suka juya gaba ɗaya, ba wajen aljihun ba, wajen zana, inda ƙananan yatsu suka buɗa tsakanin karare. Murya ɗaya ce da ta 'Yar Akwati, ta ɗan dishe don daɗewa ba a yi amfani da ita ba.

Sufyanu bai ɗago ba, don uba ba ya kallon 'yar fari gaban mutane, ba ya kuma kama sunanta. Yana jin ƙafafun yara suna rugawa waje gun Mardiya, wadda aka haifa a ƙasar rumfunan tumatur, wadda ba ta jin Hausa ko kalma, wadda tun ranar da aka binne uwarta ba wanda ya tambaye ta inda take da harshen da take ji.