Rabon Tabawa

Jerin tururuwa na shiga ƙarƙashin gadon karan Tabawa. Ɗanta Gajere bai lura ba, ramar da ta yi yake kallo.

Tun da Nasara suka kwashe mazan Filinge zuwa dako, aka tara tsofaffi gida ɗaya, wata mata mai suna Haske ke jinyarsu. Yau Gajere ya dawo.

"Ke ka shanye rabon inna!" in ji shi, ya mari Haske a gaban jama'a.

Tabawa ta lalubi ƙarƙashin gado, ta jawo ƙoƙon iskokin gidansu cike da fura.

"Su nika ba kullum, ɗana, don su maido mani kai. Ga ka kuwa."

Haske ta ajiye ludayi a gaban Gajere, ta fice.